Hilux ɗita ta rasa ƙarfi: in fasa katalizer in ɗora ƙaton bututu?

Tambaya daga wani mai karatu a Tahoua: "Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux ta 2012 mai shan esans, inji 2.7, da nake jigilar albasa da sauran kaya tsakanin Galmi, Tahoua da Abalak. Kusan wata biyu ke nan ta rasa ƙarfi. In na ɗora kaya ba ta wuce 80 ko a kan gudron, a hawa kuwa sai na koma giya ta biyu. Wutar inji ta kunnu a tabulo, hayaƙinta kuma yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wani mai walda ya ce katalizer ne ya toshe, in bari ya fasa shi ya zubar, ya ɗora mini bututu mai inci 3 tun daga inji har baya, wai za ta fi sabuwa ƙarfi kuma ta rage shan mai. In yarda, ko akwai hanyar da ta fi?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema. Tambayarka ɗaya ce a baki, amma uku ce a ciki: shin katalizer ne ya kwantar da motar, in shi ne a fasa ko a sake, sannan ko ƙaton bututu yana ƙara wa inji ƙarfi. Mai waldan ya dunƙule su wuri ɗaya domin shi aikinsa yanka da liƙi ne. Ni zan rarrabe su, kuma tun yanzu in gaya maka inda na tsaya: kada ka bari a sa wa salansar nan wuta kafin a auna ta. Na daɗe ina kwanciya ƙarƙashin motoci a garin nan, kuma katalizer da ya mutu don tsufa kawai kaɗan na gani. Galibi wani ciwo ne daga inji yake kashe shi. In ba a nemo ciwon ba, ko fasa ka yi ko sabo ka saya, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Abin da ke cikin tulun nan

In ka leƙa ƙarƙashin motar, kusa da inji za ka ga wuri guda da bututun ya kumbura kamar tulu. A cikinsa akwai wani dunƙulen yumɓu da aka gasa, mai ƙananan ramuka a jere kamar saƙar zuma, wajen rami 400 a kowane murabba'in inci. Makanikan Najeriya "indomi" suke ce masa, kuma in ka gan shi a fashe za ka gane dalili. An shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa su, gubar da ke cikinsa, wato iskar kabon monoksaid da man da bai ƙone ba da sinadaran naitirojin, sai ta rikiɗe ta zama abin da bai kai ta cutarwa ba. Ba ya fara aiki sai ya kai zafin digiri 250 zuwa 300, shi ya sa ake kusantar da shi da inji. Wani injiniya Bafaranshe, Eugène Houdry, shi ya fara ƙera shi a Amurka a shekarun 1950, motocin can suka soma fitowa da shi da yawa a 1975, Turai kuma ta wajabta shi a farkon shekarun 1990. Mu nan sai bayan da aka daina sayar da esans mai darma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, a farkon 2006, ya samu damar daɗewa, domin darma tana kashe shi cikin tankin mai kaɗan.

Waɗannan ƙarafa su ne dalilin da ya sa wasu ke saurin cewa "a fasa". A 2021 farashin rodiyam ya haura dalar Amurka 25,000 a kan oza ɗaya, giram 31 ke nan. Ya sauko sosai daga baya, amma har gobe akwai masu yawo gareji-gareji suna sayen garin yumɓun. Ban ce mai waldanka na da wata manufa ba, Allah ya sani. Ka dai tambaye shi ina zai kai abin da ya ce zai "zubar".

A auna tukuna

Alamun da ka lissafa sun yi kama da toshewa, ba musu. Mota ta tashi lafiya, ta yi silo lafiya, amma da ka taka sai ta yi kamar an danne mata ƙirji, haka toshewar salansa take. Sai dai famfon mai da ya gaji, ko matatar mai da ta cika da datti, ko matatar iska da ta sha ƙurar hunturu, duk suna kawo wannan ragwantaka. Warin ƙwai kuma ƙibiritu ne da ke cikin mai, yana fitowa idan inji na shan mai fiye da iskar da yake samu. Wato warin ya fi nuna inji da yatsa, ba tulun kaɗai ba. Daga nesa ba zan yanke wa motarka hukunci ba, amma awon bai kai awa ɗaya ba.

Da farko a jona na'urar bincike, wadda muke kira balis, a karanta abin da ya kunna wutar. Idan P0420 ta fito, kwamfutar motar tana cewa katalizer ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Ka lura, ba ta ce ya toshe ba. Idan akwai P0300 zuwa P0304 tare da ita, wani silinda yana tsallake wuta. Idan P0172 ce, mai ya yi yawa. Waɗannan na baya su ne masu laifi, P0420 kuwa kukan wanda aka zalunta ne. Kada ka yarda a goge lambobin kafin a rubuta maka su a takarda. Yara da yawa sun mai da balis abin kashe wuta kawai.

Sannan a auna matsin hayaƙi. Akwai sondi biyu, wato ƴan na'urorin da ke auna hayaƙi su gaya wa kwamfutar mota, a jikin bututun, ɗaya gaban katalizer ɗaya bayansa. Ana kwance na gaban a ɗaura agogon matsi a raminsa. A silo allurar kada ta wuce 0.1 a ma'aunin matsi na "bar", in an riƙe inji a juyi 2,500 a minti kuma kada ta wuce 0.2. Wanda ya toshe da gaske yana tura allurar nesa da haka, har ka ga tana ta hawa ba ta tsaya ba. In babu agogo, akwai dabarar talaka: a bar ramin sondin a buɗe a zagaya da motar minti biyu. Za ta yi ƙara, amma in ƙarfi ya ɗan dawo, ka san a baya aka shaƙe ta. Minti biyu na ce, domin wutar da ke fita ta ramin tana iya narkar da wayoyin da ke kusa.

In awo ya nuna toshewa, a kwance tulun da noti, ba da wuta ba. Ka karɓe shi da hannunka ka ɗaga shi saitin rana. Mai lafiya za ka ga haske yana ɗigowa ta ramukan kamar ta rariya. Wanda ya narke za ka ga fuskarsa ta dunƙule, ta yi ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba da ta faɗa murhu. Ka girgiza shi. In ya yi kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani, ya farfashe, kuma gutsattsarinsa sun riga sun tafi cikin tukunyar salansa ta baya, wadda ita ma sai an duba ta.

Wa ya kashe shi

Nan ne zan daɗe, domin nan kuɗinka yake. Babban makashin katalizer shi ne ɗanyen mai. Buji ɗaya ya mutu, ko bobin ɗaya ta raunana, ko injekta ta riƙa ɗiga, sai man da bai ƙone a silinda ba ya gangara ya kama wuta a cikin tulun. Abin da aka yi don ya zauna tsakanin digiri 400 da 800 sai ya zarce 1,000 da nisa, yumɓun ya narke. Idan ka taɓa ganin wutar inji tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, wannan shi ne gargaɗin, kuma ana so a tsaya nan take. Tura mota don ta tashi, in an mai da shi al'ada, shi ma yana cika tulun da mai.

Na biyu shi ne baƙin mai. A hanyar laterit irin ta ƙauyukanmu, matatar iska ta jabu ko wadda aka hure da kwamfuresa har ta yage tana barin ƙura ta shiga inji. Ƙura ta cinye zobban fistin, inji ya fara shan baƙin mai, tokar man ta bi hayaƙi ta liƙe ramukan a hankali. In kana ƙara lita guda tsakanin juye da juye, ko kana ganin shuɗin hayaƙi da safe, sabon katalizer ba zai yi rai ba. Ruwan lagireto da ke zurarewa ta gasket ɗin kan inji shi ma haka yake yi, da irin gam ɗin silikon da wasu ke shafawa ko'ina ba tare da duba ko ya dace da sondi ba.

Sai mai. Esans na tasha, wanda ke zuwa daga matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011, daban yake da na kwalba a bakin hanya. Ruwa-ruwa, wato na kwalbar nan, ba duka ne marar kyau ba, kowa ya san ya rufa wa mutane asiri shekara da shekaru a yankin Ƙonni, amma ba ka san jarkar da ya kwana a ciki ba, ba ka san ko an sirka shi da kananzir ba. Na ƙarshe shi ne duka da sanyi. Dutse ya bugi tulun daga ƙasa, ko da damina ka faɗa ƙorama da tulun yana jan wuta, ƙarfen waje ya tsuke farat ɗaya ya matse yumɓun ya tsage.

Bari in ba ka labarin kuskurena. Wata shekara an kawo mini Hilux irin taka, tulunta ya narke. Mai ita yana sauri, lokacin fitar albasa ne, ni ma na biye masa. Na ɗaura sabo, na goge wuta, ya tafi yana sa mini albarka. Bai cika wata biyu ba ya dawo da ita a ja. Da na kwance bujin silinda ta uku sai na gan shi baƙi wuluk, jiƙe da mai har yana ɗiga a tafin hannuna. Injektar wurin ce ke zuba tun farko, ni kuwa ban ko kwance buji ɗaya ba a zuwansa na fari. Rabin kuɗin tulu na biyu daga aljihuna ya fita, kuma ban ga laifin mutumin ba da ya daina gaishe ni na wani lokaci. Tun ranar ba na ɗaura katalizer sai na ga buji huɗu a jere a kan tebur, na auna matsin famfon mai da na silinda.

A fasa, ko a sake

Gaskiya ita ce in tulun ya toshe aka fasa shi, motar za ta dawo da ƙarfinta a take, kuma wannan shi ke sa mutane su rantse cewa fasawa tana ƙara ƙarfi. Ba ƙari ba ne, nata ne ya dawo. Katalizer mai lafiya kaɗan yake tauye wa inji, abin da ba za ka ji a ƙafarka ba. Abin da za ka saya da fasawa kuwa shi ne wutar tabulo da ba ta mutuwa, domin sondin baya zai ga hayaƙi bai canza ba. Ran da wani ciwo na gaske ya taso, babu mai gaya maka, wutar dama a kunne take. Shan mai ma ba zai ragu ba in injektar da ke ɗiga tana nan. Ga ƙarar gwangwani da tulun da aka rarake ke yi.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane. Motocinmu ba albasa kaɗai suke ɗauka ba. Ranar kasuwa bayan Hilux cike yake da mata da yara da tsofaffi, kuma iska tana murɗo hayaƙi ta dawo da shi cikin bodi, musamman in an ɗaura tamfol. Kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi. Ciwon kai da jiri da amai da fasinja ke ɗora wa rana ko gargada, wani lokaci shi ne.

Saboda haka shawarata a sake shi. Na asali daga Toyota shi ya fi, yana da tsada, amma ya zo daidai da ramukan sondi da noti, ba walda. Na hannu da aka ciro daga wata mota yana iya yi in ka duba shi a rana da idonka kafin ka biya, domin akwai waɗanda aka rarake aka liƙe aka shafa musu fenti. Sai na gama-gari da ake liƙawa da walda. A nan ne ake iya samun ɗan ingantawar da kake nema: akwai masu saƙar ƙarfe maimakon yumɓu, masu rami 200 a murabba'in inci. Hayaƙi ya fi wucewa cikinsu, kuma sun fi jure gargada da duka, abin da ya dace da hanyar Abalak. Aibinsu shi ne masu arha ba su da isasshen shafen ƙarfe mai tsada, sai P0420 ta dawo bayan ƴan watanni. Ka nemi wanda aka rubuta girman injin da ya dace da shi da matakin Euro, wato ma'aunin tsabtar hayaƙi na Turai, a jikinsa, kuma a liƙa shi a daidai gurbin tsohon. In an ja shi baya ba zai yi zafin da zai yi aiki ba. In sondin gaba ya tsufa a sake shi tare, Denso ko Bosch na gaske, kuma a cire kan batir kafin a fara walda.

Maganar inci 3

Injinka 2TR-FE ne, silinda huɗu, ba turbo, doki 160 ko kusa da haka. Inci 3, milimita 76 ke nan, bututu ne na injin da ya kusan ninka naka. Hayaƙi yana fita ne bugu-bugu, kuma kowane bugu in ya tafi da gudu yana jawo na bayansa, kamar yadda ruwa ke zuƙo ɗan'uwansa a tiyo. In bututun ya yi faɗi fiye da kima, gudun ya ragu, hayaƙin ya huce ya yi nauyi, ƙarfin ja na ƙasa-ƙasa ya tafi. Shi kuwa wannan ƙarfin shi kake bukata a hawan Keita da buhu ashirin a baya, ba gudun tsere ba. Motar za ta yi ruri, kunne ya ce ta ƙara ƙarfi, hawa ya ƙaryata shi. Daga Tahoua zuwa Yamai kuwa, sama da kilomita 500 da wannan gurnani a cikin kabin, za ka sauka kanka na sarawa.

In salansar ta ruɓe kana son wadda ta fi, ka tsaya tsakanin milimita 57 da 63, wato inci 2 da kwata zuwa 2 da rabi, daga bayan katalizer zuwa wutsiya. Abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne lanƙwasa. Bututun da aka lanƙwasa ya tsuke a gwiwa, ko aka yanka aka harhaɗa da kusurwa, faɗinsa na gaskiya shi ne na wurin da ya fi tsukewa. Ka sayi gwiwoyin da aka lanƙwasa a masana'anta. Inoks, ƙarfen da ba ya tsatsa, ya fi daɗewa, kodayake a busasshiyar ƙasa irin tamu tsatsa ba ita ke cin salansa ba, girgiza ce. Don haka kuɗin da za ka zuba a ƙyalli gara ka sa shi a sababbin robobin rataya da ɗan bututun nan mai saƙa da ke shanye motsin inji. Ko an yi komai daidai, ƙarin da za ka samu ƴan dawaki ne ƙalilan. Sabuwar matatar iska ta gaske da buji huɗu za su fi ba ka abin da za ka ji.

Ga masu gazuwal da za su karanta wannan, lissafinsu ya ɗan bambanta. Inji mai turbo kamar 2KD ko 1KD yana amfana da bututu mai ɗan faɗi bayan turbo, zafin hayaƙi ya ɗan sauka. Land Cruiser mai 1HZ, da ba ta da turbo, ba ta samun abin kirki sai ƙara. Sababbin da ake kawowa daga Turai kuma suna da matatar toka da Faransawa ke kira FAP, wadda ke ƙona tokarta da kanta a wajen digiri 600 in an yi doguwar tafiya. Yawon cikin gari da gazuwal mai ƙibiritu da baƙin man da bai dace ba su ke toshe ta. Wannan zance ne na wata rana.

Abu biyu za ka tsaya a kansu da kanka ranar ɗauri. Farantin kare zafi da ke saman tulun da ƙasansa a mayar da shi, domin yara suna jefar da shi in ya fara kaɗawa. Bayan damina ciyawar arewacin Abalak tana bushewa ƙayau, kuma tulun da ya sha tafiya ya isa ya kunna ta in ka faka a kanta. Na taɓa zaro dunƙulen ciyawa da ta soma baƙi tana hayaƙi daga tsakanin tulu da shasi na wata mota da ta dawo daga daji. Sannan wutsiyar bututun ta fito waje sosai, bayan tayar baya, ta kalli gefe da ƙasa, nesa da tankin mai da tiyon birki da safaya. Bayan an gama a tada motar da sanyi, a sa tsumma a toshe bakin wutsiyar na daƙiƙa biyu ko uku. In akwai inda walda ta bar rami za ka ji yana huci, a gyara shi kafin ka biya.